Manjagara Kafin Alƙalami

Wanda ya fita daga Madinat Nasr ya nufi gabas, wajen Sabuwar Alƙahira, zai tarar da korayen filayen wasan golf shimfiɗe a tsakiyar rairayi, irin su Katameya Dunes mai ramuka 27, wanda Nick Faldo ya sa hannu a tsarinsa. Ɗalibanmu na Azhar mazauna Hayyul Ashir sukan ce wasan masu hannu da shuni ne, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai sana'ar tsara irin waɗannan filaye tana koyar da ƙanƙan da kai, halin da ya yi mana ƙaranci.

A 1981 Tom Doak, ɗalibin Jami'ar Cornell, ya je wurin Pete Dye, gwanin wannan sana'a a Amurka, lokacin ana gina filin Long Cove. Cikin leburori aka sa shi, ga rana ga ƙura, kuma ya karɓa. Shi kansa maigidan a fili yake yini, takalmi duk taɓo, yana duba inda ruwan sama zai gangara da inda zai kwanta, domin takarda ba ta nuna wannan yadda ƙafa ke jin sa. Bill Coore, wani yaron Dye, ya kai darasin matuƙa. Shi da abokin aikinsa Ben Crenshaw suka yi ta taka tuddan yashi a Nebraska har suka gano wurare fiye da 100 da Allah ya riga ya tsara kamar don wasan, suka zaɓi 18, aka buɗe filin Sand Hills a 1995 ba tare da an ture ƙasa mai yawa ba.

Mai girman kai kuwa da katafila yake isowa, ya baje tudu, ya shuka ciyawa mai ƙishirwa a ƙasar da rabonta daga Nilu mita kubik biliyan 55.5 ne kacal a shekara.

Irin wannan girman kai yana ci mini tuwo a ƙwarya idan na ga ɗan'uwa ya koma Kano ko Maraɗi da shahada, ya hau mumbari kafin ya durƙusa gaban dattijon limamin unguwa ya ce, "Allah gafarta Malam, yaya mutanen nan suke?" Limamin nan ya san gidan da aka yi rashi bara, ya san maƙwabtan da ke gaba da juna, ya san wanda tsawa ke kora daga masallaci.