Magani Ɗaya, Jiki Daban-Daban

Idan lokacin haƙar citta ya yi a ƙasar Jaba da Kachiya, ma'aikacin da ya wuni a sunkuye har ƙugunsa ya ƙage, sau da yawa ba asibitin Kafanchan yake nufa ba, maƙwabcinsa ne zai miƙo masa ragowar tiramol ɗin da likita ya rubuta wa shi maƙwabcin, yana cewa, “Sha wannan, ni ma shi ya tashe ni.” Niyyarsa alheri ce, amma a cikinta akwai mas'alar da ta cancanci nazari: me ya sa ƙwaya ɗaya take zama waraka ga wani, halaka ga wani?

Hukama'un da, irin su Ibn Sina, sun yi bayanin cewa kowane jiki da mizajinsa, ilmin zamani kuwa ya zo ya bayyana sababin. Kodin, alal misali, ba ya kashe ciwo sosai sai hanta ta juya shi ya koma mofin. To, akwai wanda hantarsa ba ta juyawa sai kaɗan, ya sha bai ji sauƙi ba, akwai kuma wanda take gaggauta juyawa, har awon da aka saba ya danne masa numfashi. Tsoho, da mai ciwon ƙoda, da wanda ya haɗa maganin barci irin su baliyam da burkutu, haɗarinsu ya ninka na sauran jama'a. Tiramol kuwa, in ya yi yawa, yakan jawo farfaɗiya. Ɓarnar shan maganin tari mai kodin ce ta sa gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Idan aka yi rashi ta wannan hanya, sai mu ce ajali ne, kuma gaskiya ne, domin babu rai da zai wuce wa'adinsa; sai dai imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa baligi alhakin sababin da ya ƙulla da hannunsa ba. Mahaliccin da ya bambanta fuskokinmu shi ya bambanta hantocinmu, saboda haka awon da likita ya yi wa mutum, bayan ya duba shekarunsa da cututtukansa, amana ce da aka ɗinka daidai jikinsa shi kaɗai. Musulmi da Kirista a Kafanchan sun haɗu a kan cewa rai ajiyar Ubangiji ce. Wanda ke ƙaunar maƙwabcinsa, in ya ga ciwo ya kama shi, to ya raka shi wurin likita, ya bar ƙwayarsa a aljihu.