Wa Ke da Alhakin Barcin da Ya Ƙaurace?

Mukan yi saurin kiran mai makara rago, ba tare da mun tambayi yadda ya kwana ba. Alhali kuwa yaron da ya tashi cikin duka da tsangwama, jikinsa kan saba da zaman gadi cikin dare. Sinadarin kotisol, wanda bisa ƙa'ida yakan sauka da tsakar dare ya hau da asuba, sai tsarinsa ya birkice, barci ya koma na zomo, ga miyagun mafarkai. Binciken Felitti da Anda a Amurka, kan mutane fiye da 17,000, ya nuna matsalar kan bi mutum har girmansa.

Neman magani dai yana wuyan ɗalibin da ke gyangyaɗi a aji. Amma a ganina, wanda ya riƙe bulalar shekaru goma sha biyar baya shi ya kamata a fara tuhuma.