Tattali Ko Rowa?

'Yan makaranta, ga wata tambaya da ta kamata kowannenku ya yi wa kansa tun ran da 'yan kuɗi suka fara shiga aljihunsa. Yaro ya sami naira 1,000, ko ta ƙwadago a gonar wani, ko kawunsa ya yi masa alheri. Abokansa suka ce a tafi kasuwa a sha rake, a ci tsire, shi kuwa ya ƙi. Nan da nan sai su sa masa suna marowaci. To, gaskiyarsu ne?

Ni a ganina ba a gane marowaci da ƙin kashewa kaɗai. Sai an tambaye shi, "Me za ka yi da su?" Mai tattali yana da amsa a bakinsa: littafi, ko takalmi, ko kuɗin jarrabawa, ko 'yar kaza. Marowaci ba shi da amsa, ganin kuɗin kurum ke yi masa daɗi. Watau shi mai tattali ya raɗa wa kuɗinsa suna tun ba su fita ba, ya kuma san ranar da za su fita.

Abin da marowaci bai sani ba shi ne kuɗi in an bar su kwance mutuwa su ke yi. Kakanninmu da wuri su ke ciniki, har mutum ya cika taska da shi a ce ya ƙasaita. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sai kuɗin ƙarfe suka bi suka ture shi, anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Ran 1 ga Janairu 1973 su ma aka sallame su, fam guda ta koma naira biyu. Yau kuwa kai wa mai ƙosai kwabo ka ga irin kallon da za ta yi maka! A farkon 2023, da aka sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, mai binnewa a tukunya ya rasa barci don neman inda zai canza, mai ajiya a banki kuma ya wuni a layi bai sami abin cefane ba. Ko ba a sake kuɗi ba ma tsada tana cinsu a ɓoye kamar gara. A 2024 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekara guda, watau wanda ya ƙulle dubu ɗaya a gefen zane, da shekara ta kewayo abin da za ta saya masa bai kai na 770 na bara ba. Ba ɓarawon da ya shiga ɗakinsa, ga shi kuwa an yi masa sata.

Saboda haka asusu na ɗan lokaci ne, wurin da yayyafi ke taruwa kafin ya isa a ɗiba. In ya taru sai a mai da shi abin da ke da rai. Mu mutanen Dagumawa mun yi dace, don ga kasuwar Wudil a bakin ƙofarmu kowace Juma'a. Ta yi suna da shanu, amma ku kada ku dubi kara tukuna, ku dubi wajen masu kaji. Kaza guda mai ƙwai, in ta ƙyanƙyashe, shirwa kuma ta bar muku rabi, ba a daɗe ba sun kai kuɗin 'yar akuya. Akuya kuwa cikin wata biyar ta ke haihuwa, ta kan kuma yi tagwaye. Ba na ce babu hasara ba. Ciwon kaji na hunturu ya kan share akurki cikin kwana uku, don haka wanda ya ƙi biyan ɗan kuɗin rigakafi ba tattali ya yi ba, wauta ce. Kada kuma a zuba duka wuri guda. Rabi a akurki, rabi a adashi wurin uwar adashin da iyayenku suka yarda da amanarta.

Masu ba da tarihin Alhassan Ɗantata sun ce tun yana yaro a Bebeji ya ke tari a asusu. Amma bai zauna yana kallon tarin ba, ya yi fataucin goro, ya shiga cinikin gyaɗa. Har a 1929, da banki ya buɗe reshe a Kano, aka ce raƙuma ashirin suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa can.

Wajen kashewa maganata gajera ce. Ku yanke abin da za ku saya tun daga gida, ku taya, ku kewaya, sa'an nan ku biya. Araha ba ta ado, takalmin da zai shekara ya fi uku masu tsinkewa kafin damina ta fita.

Saura wuri mai wuya. Ka yi wata shida kana tarin kuɗin littafi, sai ƙanen abokinka ya kwanta da zazzaɓi, gidansu babu na magani. Nan fa mai tattali da marowaci su ke rabuwa a fili. Wanda ya sha rake da tsire ba shi da abin taimako ko yana so, marowaci yana da shi amma hannunsa ya ƙi buɗuwa. Kai kaɗai ne ke da abin bayarwa da ikon bayarwa. Ni dai na ce ka fasa asusun, littafi ya jira wani wata. Amma in wanda ya ɓatar da nasa ran Juma'a ne ya zo maka ran Asabar yana neman rancen sayen alewa, ka gaishe shi da fara'a, ka gaya masa kuɗin na littafi ne.