Baƙon da ke Ciyar da Mai Masaukinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, mai rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, da yawanmu a nan Anguwan Rukuba wake da gyaɗa muke aunawa a kasuwar Katako, amma gonakinmu na gado suna can Daura, Katsina ko Maraɗi, inda ruwan sama bai kai rabin na Jos ba, ƙasar kuma jigawa ce. To, mun taɓa tambayar kanmu yadda wake ke yin albarka a irin wannan rairayi?

In ka tuge wake ko gyaɗa, za ka ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Ba ciwo ba ne. Masauki ne na wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masana na ce musu rizobiya. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa sinadarin naitirojin ne, wanda muke saye da tsada a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Waɗannan halittu su ke kama shi su mayar da shi abincin shuka, ita kuma ta ba su wurin zama da abin da za su ci. In ka fasa ƙullin ka ga cikinsa ja-ja, to suna bakin aiki. Sai a 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan ya iya ware su, alhali tun kaka da kakanni ake haɗa gero da wake, ana kuma barin gawo a gona. Shi ma gawo yana da irin waɗannan baƙi a saiwarsa, ga shi yana zubar da ganye da damina, gero ya samu rana da taki. Subhanallah! Allah ya sanar da mu a Suratul Muddassir cewa rundunoninsa Shi kaɗai ya san su.

Wa'azi na farko: ƙasa amana ce. Mu da ke aika kuɗin noma gida, mu ja kunnen ƙannenmu: kada a sare gawo, kada a cinna wa gona wuta, a riƙa kai takin gida, a bi hatsi da wake ko gyaɗa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa abin da mutum, tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

Na biyu ya fi kusa da mu. Wannan halitta baƙuwa ce a saiwa, amma ba ta ci ta goge baki ba; tana barin mai masaukinta ya fi yadda ta same shi. Mu fa? Neman halal ya kawo mu unguwar nan, kuma kowa ya san irin wahalar da garin Jos ya sha. Mudunmu cikakke ne ga Musulmi da Kirista? In maƙwabci ya kwanta rashin lafiya, mun leƙa? Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Filato lafiya, ya sa maƙwabtanmu su amfana da zamanmu. Amin. Juma'a mai albarka.