Macijin Tagullar Da Hezekiya Ya Farfasa

Duk lokacin da aka tayar da zancen bautar gumaka a Littafi Mai Tsarki, ɗan maraƙin zinariyar da Haruna ya ƙera ne ke fara zuwa bakin mutane. Ni kuwa labarin da ya fi tsaya mini a rai wani ne daban, wanda aya ɗaya tak ta ɗauke shi a 2 Sarakuna sura 18. Tsine wa ɗan maraƙi ba wuya, domin tun ranar da aka zubo shi laifi ne. Macijin tagulla fa? Shi Allah da kansa ya ce a yi shi.

Asalinsa yana Littafin Ƙidaya sura 21. Isra'ilawa sun taso daga Dutsen Hor za su kewaye ƙasar Edom, tafiya ta yi tsawo, suka shiga gunaguni cewa ba abinci, ba ruwa, manna ma ta gundure su. Macizai masu dafi suka faɗa musu, mutane da yawa suka mutu. Da suka amsa laifinsu, Musa ya yi musu roƙo, Ubangiji ya umarce shi ya ƙera maciji ya sarƙafa a kan sanda, wanda aka sara in ya dube shi ya rayu. Aka yi haka, aka kuma rayu.

To, wa zai yar da irin wannan abu? Suka adana shi, suka shigo da shi ƙasar alkawari, ya yi ɗaruruwan shekaru a hannunsu. Zamanin Dawuda ya wuce, na Sulemanu ya wuce. Asa, wanda har ya tuɓe Ma'aka daga sarautar uwar sarki saboda gunkin da ta yi, shi ma ya zo ya wuce, maciji na nan. Kafin zamanin Hezekiya jama'a sun koma ƙona masa turare, ana kiransa Nehushtan, sunan da a Ibrananci yake kama da kalmar maciji da kuma kalmar tagulla. Hezekiya, wanda ya hau gadon sarauta yana da shekara 25, ya sa aka farfasa shi.

Na tabbata ranar nan akwai tsofaffin da suka zub da hawaye a Urushalima, kuma ba zan kira su miyagu ba. A ganinsu aikin hannun Musa ne, shaidar cewa Allah ya taɓa ji ƙan kakanninsu. Abin da ya ɓace musu shi ne, tagullar ba ta taɓa warkar da kowa ba. Wanda ya ce a duba, shi ya warkar. Sannu a hankali godiyar da ta dace da shi ta zame ta koma kan abin da ya yi aiki da shi, ba wanda ya lura da ranar da hakan ta faru.

Wannan cuta ta sha maimaituwa. Gidiyon ya ƙi sarauta bayan ya ci Madayanawa, yana cewa Ubangiji ne zai mallake su, magana mai kyau. Amma ya tara 'yan kunnen zinariya na ganima, nauyin shekel 1,700, ya yi falmaran ya ajiye a garinsu Ofra, ta zama tarko gare shi da gidansa. A kwanakin Eli, da Filistiyawa suka kore su a fagen fama, dattawan Isra'ila suka aika a ɗauko akwatin alkawari daga Shilo, kamar wanda ya ɗauko laya ya rataya. Aka kashe musu sojojin ƙasa 30,000, aka tafi da akwatin. Irmiya kuma ya tsaya a ƙofar Haikali yana gaya wa masu jingina da ginin su je su ga abin da ya sami Shilo. Cikin waɗannan duka ba ko ɗaya da aka aro daga Ba'al.

Shi ya sa nake ganin tuba daga irin wannan ta fi ta mashayi ko ɓarawo wuya. Ɓarawo ya san ya yi sata. Mai ƙona wa Nehushtan turare kuwa yana jin ibada yake yi, in ka hana shi kai ne mai saɓo. Haka ma aka karanta aikin Hezekiya. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, da Sennakerib na Assuriya ya auka wa Yahuza, jakadansa ya tsaya kusa da garun Urushalima yana magana da harshen mutanen gari don kowa ya ji. Cikin hujjojinsa har da cewa ta yaya za su dogara ga Allahn da sarkinsu ya rushe wa bagadai. Mutumin ya san inda ke yi wa jama'a ƙaiƙayi. Samariya ta faɗi shekara ashirin da 'yan kai kafin nan, tsoro ya cika gari, kuma a irin wannan lokaci zuciya ta fi son abin da za ta iya taɓawa da hannu.

Kalmar da annabawa suka fi amfani da ita don tuba ma'anarta juyowa, wato mutum ya koma wurin wanda ya bari. Wanda bai yarda ya tafi ko'ina ba, ina zai juyo? Nan ne tambayar take iso mu. Mai wa'azin da addu'arsa ta zo daidai da warkewar ɗanka, kwalbar man shafewa, aikin da aka samu bayan azumi, ɗarikar da kakanni suka sha wuya a kanta, duk alheri ne. Gwajin da na sani guda ɗaya ne, kuma ba shi da daɗi: in aka ɗauke abin, bangaskiyar za ta tsaya? In aka ce ya yi kuskure, za ka iya saurara?

Kada a ce Hezekiya ya ƙaryata Musa. Labarin jeji bai mutu da tagullar ba, har Yesu ya ɗauko shi a hirarsa da Nikodimu a Yahaya sura 3, yana kwatanta ɗaga macijin da yadda za a ɗaga shi kansa. An fasa ƙarfen, ma'anar ta ci gaba da aiki.

Gyaran dai bai daɗe ba. Manassa ɗan Hezekiya ya hau sarauta yana ɗan shekara 12, ya mulki shekara 55, ya sāke gina masujadan da mahaifinsa ya rushe. 2 Tarihi sura 33 ta ce Assuriyawa sun kai shi Babila a ɗaure, can ya ƙasƙantar da kansa, ya dawo ya kwashe gumakan ya zubar a bayan birni. Jama'a kuwa suka ci gaba da hawa tuddai suna miƙa hadaya, sai dai yanzu suna cewa ga Ubangiji kaɗai suke miƙawa.