Matar da aka cire wa mahaifa tana nan matarka



Mace mai sankarar mama, wani lokaci likita kan ce a cire mata mahaifa, har da gidan ƙwai. Dalili kuwa, wata sankarar da sinadarin gidan ƙwai take girma, maganin Tamoxifen kuma yakan taɓa bangon mahaifa. In don ceton rai ne, malamai sun halatta.

Bayan aikin babu haila, babu ɗaukar ciki. Jinin da ta gani na ciwo ne, ta yi sallarta, ko a zaune. In an cire gidan ƙwai, zafi zai riƙa taso mata da dare, ga saurin fushi. Ba raini ba ne, Alhaji, jiki ne.

To mu maza fa? Wani sai ya sa ta a mota, wai ta je gida Arewa ta huta, shi ke nan, ba aike ba waya. Mata kuma ga habaici a gidan suna. Subhanallah! Ku duba Suratush Shura, aya ta 49 da 50, ku ga a hannun wa haihuwa take.

Ka raka ta asibiti ko da shago zai wuni a rufe. Kuma kada ta ɗaga jarkar ruwa sai likita ya yarda.