Ruwa Biyu a Lagireto Ɗaya

A ƙarƙashin bonet ɗin mota akwai wata 'yar gorar roba fara wadda ake iya hango ruwan cikinta ba sai an buɗe ba. A jikinta an ja layi biyu, ɗaya ƙasa, ɗaya sama. Muddin ruwan yana tsakaninsu bayan inji ya huce, lafiya lau. In ya sauka ƙasa da layin farko, sai a ƙara. Aikin bai fi na minti biyu ba, kuma sauƙin nan nasa ne ya sa ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da ake zubawa ba.

Ruwan nan doguwar tafiya yake yi a cikin ɗan ƙaramin wuri. Famfon ruwa yana tura shi ta wasu hanyoyi da aka bari a cikin ƙarfen inji, kewaye da inda mai ke ƙonewa, ya kwaso zafi. Da zafinsa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, sai tamostat ya buɗe masa ƙofa ya wuce lagireto, ya rarrabu cikin siraran bututu, iskar hanya da ta fanka su shanye zafin, ya sake komawa. Haka zai yi ta zagaye daga Kano har Maiduguri. Murfin lagireto kuwa danne ruwan yake yi da matsi, domin ruwan da aka matse ba ya saurin tafasa. Shi ya sa wanda ya yi gaggawar buɗe murfin da zafi yakan sha ƙuna: matsin ya tafi lokaci guda, ruwan da ya riga ya haura digiri 100 ya tafasa nan take, ya yi tsalle zuwa hannu da fuska.

Abin da kamfani ke zubawa a mota sabuwa haɗi ne na ruwa da wani sinadari mai ɗan kauri da ake kira etilin gilaikol, galibi rabi da rabi. Ruwa shi kaɗai yana daskarewa a digiri 0. Gilaikol shi kaɗai yana daskarewa a wajen digiri 13 ƙasa da sifili. Hankali zai ce haɗinsu ya tsaya wani wuri a tsakani. Ina! Sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili kafin haɗin ya daskare, domin ƙwayoyin kowanne suna shiga tsakanin na ɗayan su hana su jeruwa su zama ƙanƙara. Haka Allah Ya tsara su: abu biyu mabambanta, a tare suna jure abin da ba wanda zai jure shi kaɗai. Kuma kowanne yana bukatar ɗan'uwansa, don ruwa ya fi gilaikol iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Wanda ya cika lagireto da gilaikol zalla, yana ganin ya yi gwaninta, ya rage wa injinsa sanyi ne.

Direban Sakkwato ko na Damagaram zai ce, "Mu ina ruwanmu da ƙanƙara?" Ya ɗauko ruwan leda ko na rijiya ya tuttula. Ta fuskar ƙanƙara yana da gaskiya. Amma akwai abu na uku a cikin jarkar wannan haɗin da ake kira kulant, ɗan kaɗan ne ƙwarai, shi ne maganin tsatsa. Cikin inji akwai baƙin ƙarfe, akwai alminiyom, a tsofaffin lagireto akwai tagulla, kuma ruwan zafi cin su yake yi a hankali. Ruwan rijiya ma yana barin irin farin ɓawon nan da ke mannewa a gindin butar shayi, ya toshe siraran bututun. Ba a ganin komai wata da watanni, sai ranar da allurar zafi ta haye ja a tsakiyar daji.

To, wannan ɗan maganin tsatsa shi ne inda jarka ta bambanta da jarka. Tsohon samfuri, wanda aka fi sani da kore, yana amfani da silikat da fosfat. Aikinsa shafe ne: da shigarsa yake lulluɓe duk ƙarfen da ya taɓa da wani siririn rufi. Yana da saurin karewa, yana kuma da saurin ƙarewa, shi ya sa ake canza shi duk bayan shekara 2 ko makamancin haka. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin General Motors na Amurka ya fara zuba wa motocinsa Dex-Cool mai launin lemo, wanda ke aiki ta wata hanya daban: ba ya shafe ko'ina, sai ya bi wurin da tsatsa ta fara ya tare ta a nan, don haka yakan kai shekara 5. Kamfanonin Japan irin su Toyota da Honda suna guje wa silikat, suna riƙe da fosfat. Na Turai kuma fosfat ɗin suke gudu, saboda ruwan wurare da yawa a can yana da ma'adinan da ke haɗuwa da shi su yi ɓawo. Kowa da hujjarsa, kuma kowanne yana aiki a injin da aka yi shi dominsa.

Launin fa? Rini ne kawai. Gilaikol ba shi da launi. Babu wata doka ta duniya da ta ce kore kaza yake nufi, ja kaza. Jarka biyu masu ja iri ɗaya suna iya zama sun saɓa a ciki. Motar da ta zo ta Kwatano ta zo da ruwan da wani ya zuba mata a Jamus ko Amurka, mai ita bai san ko wane iri ba ne. Ya je shagon kayan gyara ya ce, "Malam, ba ni mai ja irin na ciki." Ya haɗa. Wani lokaci a yi sa'a. Sau da yawa kuwa magungunan biyu su raunana juna, wani lokaci har su dunƙule su zama wata laka mai ruwan ƙasa da ke toshe lagireto. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne, a cikin jarkokin biyu babu ta banza. Dukkansu na ƙwarai ne.

Haka ake ganin 'yan kasuwa biyu, gari ɗaya, yare ɗaya, sahu ɗaya a masallaci, kowa ana yabon amanarsa, su haɗa jari. Ɗaya mai toshe kowace kafa ne tun kafin ta buɗe, ɗayan mai jira ne sai matsala ta nuna kanta ya tunkare ta. Kowanne da ya riƙe shago shi kaɗai da ya ci riba. Da suka haɗu, wannan yana ganin wancan mai ɓarna, wancan yana ganin wannan mai sakaci, kowa yana warware saƙar ɗan'uwansa ba da nufi ba. Babu faɗa da farko, babu ɗaga murya. Abin taruwa yake yi a ƙasa. Ranar da shagon ya tsaya, sai jama'a su shiga neman wane ne mugun a cikinsu, alhali babu shi. A wani gidan kuma sai a tarar da mai zafin rai da mai sanyin hali, waɗanda kowa ya rantse ba za su yi shekara ba, sun tsufa tare, halin kowanne yana shiga tsakanin ɗayan da abin da zai karya shi.

Nauyin yana kan mai zubawa. Uban da zai ba da 'yarsa, maigidan da zai ɗauki sabon yaron shago, shugaban makarantar da zai haɗa malamai biyu a aji ɗaya, duk suna ƙara sabo ne a kan abin da ya riga ya daɗe yana zagayawa. Magabata da suke tura mutum ya yi bincike kafin a karɓi sadaki, halin gida biyu suke aunawa, ko za su zaunu. Tambayar "mutumin kirki ne?" tana da amsa mai sauƙi. Mai wuyar ita ce, "kirkinsa zai zauna da irin kirkin da ke gidan?"

Akwai kuma masu iya zama da kowa. Kamfanin Volkswagen ya hana a haɗa ruwansa G11 da G12, daga baya ya fito da G12+ wanda ake iya ƙarawa a kan kowannensu. Irin waɗannan mutane suna nan a kowace unguwa, su ake kira idan an saɓa, amma ba su da yawa, kuma ba a fuska ake gane su ba.

Mai mota, sunan ruwan da ya dace da injinka yana cikin littafin motar, kuma bayan jarka akwai rubutun da ke faɗin motocin da aka yi ta dominsu. Karanta shi kafin ka dubi launi. In ba ka san abin da ke ciki ba kuma kana kan hanya, ƙara tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batir, ka lallaɓa zuwa gareji a zubar da tsohon duka, a wanke, a zuba iri ɗaya. Ragowar jarkar kuma ka ɗaga ta inda yaro da dabba ba za su kai ba, don gilaikol yana da zaƙi a baki, kuma guba ne mai lalata ƙoda.